Baban Kwas Ya Je Intabiyu

A layinsu babu mai kiransa da sunansa na yanka. Baban Kwas kowa ke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a, ya ɗauka girmamawa ce. Furfura ta fara cin gemunsa, amma har yau ɗalibi ne. Ya yi digiri a tattalin arziki, ya ɗora difloma a harkar mulki, ya koma ya yi digiri na biyu, daga nan ya shiga tsintar ƙananan kwasa-kwasai kamar kaza a bakin turmi: sasanta rikici, kula da muhalli, har da kiwon kifi, alhali ko gwangwanin kifi sai an buɗe masa. Takardun shaidar suna jere a bangon falo cikin gilashi, yakan hau kujera ya goge su da tsumma. Wannan ne kaɗai aikin da aka taɓa ganin ya yi da hannunsa.

Ba wai aiki bai taɓa zuwa ba. An kira shi koyarwa, ya ce shi da mastas ba zai sha ƙurar alli ba. An samo masa ofis a wani kamfanin sufuri, ya ce akwai kwas da yake son kammalawa tukuna. Amma fa zauna da shi a bencin ƙofar gida ka ji shawara! Ya san fannin da ke da kasuwa da wanda ya mutu, ya san abin da kamfanoni ke nema a wajen matasa. Da baki ya sama wa 'ya'yan unguwa aiki kaf, shi kuwa ko kuɗin aski sai ya leƙa ɗakin matarsa.

Matar tela ce. A ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofa take, ita da keke da tarin yadudduka. Keken nan shi ya ciyar da gidan, shi ya biya kowace takarda da ke bangon falo, shi ke riƙe da 'yar farinsu da ke shekara ta biyu a karatun haɗa magunguna. Sai idon matar ya fara gazawa. Ta ɗinka wa wata amarya hannun riga a karkace, ta sa baƙin zare a shuɗin yadi, masu kawo ɗinki suka fara janyewa a hankali. Likita ya ce ta bar keke, in ba haka ba ta rasa ɗan ganin da ya rage. Maganar a fili take: in Baban Kwas bai kama aiki ba, yarinya za ta bar makaranta.

Yayan matar, mai kula da sito a wata masana'antar robobi, shi ya zubar da girmansa ya roƙi manaja. Aka ce akwai gurbi a sashen lissafi. Ya zo har gida ya zaunar da surukinsa.

"Malam, na gama magana, kujerar taka ce. Ka je, in an yi maka bayani ka ce to, ka ce na gode. Don Allah kada ka yi musu lacca."

"Haba Yaya, ni za a koya wa intabiyu? Ai na yi kwas a kansa."

Ranar da aka sa, ya sauko da takardun nan daga bango, da gilasansu da komai, ya cika buhu ya saɓa. A ofis ya jera su a teburin manaja har sai da mutumin ya ɗauke kofin shayinsa. Aka tambaye shi ko ya iya shigar da lissafin kaya a kwamfuta, ya ɗauko tarihin kwamfuta tun daga tushe. Manaja ya haƙura saboda mai sito, ya ce a fara ranar Litinin, sauran zai koya a hankali. Sannan ya yi tambayar da ake yi don cika al'ada kawai.

"Kana da wata tambaya?"

Baban Kwas ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, bayan wata nawa ma'aikaci ke samun hutun ƙaro karatu? Akwai digiri na uku da nake hari. Kuma ina fata hutun da albashi ne."

Manaja ya dube shi, ya dubi buhun, ya rufe alƙalaminsa. Ya ce batun Litinin ɗin a dakata, za su neme shi.

Da yamma yayan ya shigo gidan ko sallama bai ƙarasa ba. "Ka kashe ni, Malam! Ba ka ko zauna a kujerar ba kana neman hutu?"

"Yaya, tambaya ce ta ilimi. Wurin da ba ya daraja karatu ai ba wurin zamana ba ne."

Matar tana zaune a bakin ƙofa, ta ɗaure ido da ƙyalle saboda haske. Ta ce, "Malam, ban taɓa jin kunyar aurenka ba sai yau." Ya ce ciwo ne ke sa ta faɗan haka, Allah ya ba ta lafiya.

Ba a neme shi ba. Da aka koma zangon karatu yarinyar ba ta koma ba. Ta tattara littattafanta a kwali, ta tura ƙarƙashin teburin yankan yadi, ta hau keken uwarta. Uwar na gefe tana laluba ɗinki da yatsa, tana gaya mata inda za ta warware.

Wata safiya Baban Kwas ya leƙo neman kuɗin mota, idonsa ya faɗa kan kwalin. Ya durƙusa ya zaro wani ƙaton littafi, yana juya shafuka yana gyaɗa kai, fuskarsa ta washe.

"'Yar nan, wannan fanni naku akwai makoma. Suna ɗaukar manya kuwa?"

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ba ta ɗago ba.

"Suna ɗauka, Baba. Akwai ma gurbi. Nawa."

Ya ce madalla, ya rungumi littafin ya fita benci ya fara karantawa.