Hoton da Gwadabe Ya Ɗauka a Kwarin Jibiya

Gwadabe mai hoto maƙwabcina ne a Ƙofar Ƙwaya. Ban taɓa ganin mai riƙo irinsa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Zamanin soja, Abbas na kwamitin tsaftar gari ya zo da mutanensa suka rushe masa rumfar hoto, ya kuma sharara masa mari a gaban 'ya'yansa mata. Shekara huɗu Gwadabe yana yawon hoto a keke, abin yana cin ransa.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, sai ga Abbas cikin babbar riga, wai shi ne kansila. Wata Asabar bayan damina ya ɗebi abokansa zuwa kwarin kogin da ke wajen Jibiya su sha iska kwana biyu. Aka nemi mai hoto, aka ɗauko Gwadabe. Abin da ya fi ƙona masa rai, Alhaji Abbas bai ma gane shi ba.

Wurin kuwa ya yi kyau: ruwa kwance tsakanin duwatsu, shanu na sha, balbelu na binsu. Gwadabe ko kallo bai yi ba, dutse mai gansakuka yake nema. Ya san mai hoto ko gwamna ya ce wa matsa, sai ya matsa.

"Ranka shi daɗe, hau wancan dutsen, ruwan shi fito bayanka. Ɗaga hannu kamar kana gaida jama'a. Ja baya kaɗan. Ƙara dai."

Santsi ya kwashe Alhaji, ya faɗa cikin taɓo. Ya fito da rarrafe, baki buɗe, hula ta bi ruwa. Kowa ya ruga ceto, Gwadabe kuwa ya gyara tsayuwa ya danna.

Sauran hotunan ya kai wa Alhaji har gida. Wannan ɗaya ya ɓoye a akwati shekara uku. Na ce masa ya bar wa Allah. Ya ce rumfar ya bar wa Allah, marin nasa ne.

Da zaɓe ya ƙarato, da ƙafarsa ya kai wa abokan hamayya hoton. Aka wayi gari kansila na rarrafe a kowane bango har unguwar Kambarawa. Ko akwatin ƙofar gidansa Abbas bai ci ba.

Ya turo wani amininsa, Lawal, ya tambayi Gwadabe me ya taɓa yi masa.

Gwadabe ya ce, "Ce mashi shi zauna shi tuna. Ai yanzu shina da lokaci."