Buhu Huɗu na Masarar Gozaki

Shekara da shekaru na yi ina koyar da kimiyya a Malumfashi, amma in aka zo gwajin bushewar masara, haƙori nake sawa kamar kowa. A ciji ƙwaya, in ta ce ƙas a ɗura a buhu. Bara ruwa ya ƙi ɗaukewa da wuri. Na ciji masarar gonata ta Gozaki, na ji wani abu mai kama da ƙas, na ce a ɗinke. Buhu goma, abincin gidana har wata kakar.

'Yata ta fari, wadda ke bincike a jami'a, ta zo hutu. Ta leƙa ɗakin ajiya, ta fito tana shinshina tafin hannunta.

"Baba, zan ɗebi kaɗan a kowane buhu."

"Abin har ya kai haka a makarantar taku?"

Guba take nema, irin wadda fumfuna ke bari a hatsi mai danshi. Ba a jin ta a baki, dahuwa ba ta kashe ta, hanta take ci a hankali. Ta yi min bayanin aikinsu. Akwai wani rini mai ƙyalli idan an haska shi da fitila. Sai a zuba masa ɗigon girafin, wato dangin baƙin fensir ne da aka gutsuttsura har ido ba ya ganinsu. Da rinin ya manne musu sai ƙyallinsa ya mutu. In da guba a hatsin, ita za ta janye shi daga jikinsu, haske ya dawo. Na yi ta gyaɗa kai irin na ɗaliban bayan aji.

Ta sa wa buhunan lamba ta tafi. Bayan mako biyu hoto ya shigo wayata: 'yan kwalabe goma, huɗu na haske kore shar, shida dilim.

"Alhamdu lillahi, huɗu sun tsira," na ce wa Hajiya, mahaifiyarta. "Da su za a fara tuwo."

Har ta auno tiya ta wanke sai yarinyar ta kira.

"Baba, masu hasken nan su ne masu gubar. Ai na faɗa maka."

Hajiya ta dube ni, hannunta na ɗigar ruwa. "Malam, 'ya'yan mutane nawa ka sa kamun kunne kan rashin saurare?"

Wani maƙwabci ya ce in kai buhunan nan huɗu kasuwar Danja, buhu ba ya magana. Na yi kwana biyu ina juya maganar fiye da yadda ya dace da tsohon malami. Na tambayi yarinyar ko a ba kaji, ta ce gubar za ta iya biyo mu ta ƙwai.

Ranar Asabar da hantsi na sa aka haƙa rami a bayan gida. Mai haƙar ya dubi masarar, fara tas, ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Na ce masa ya ƙara zurfi saboda awaki.