Abin da Sanƙira Zai Iya Ɗauka

Aikin malamin gona na yi a Isa, amma ba da magana na fara shi ba. Da farko sito aka ba ni, ina tsaron taki da iri. Bayan nan aka ce in riƙa fita ƙauye ina yi wa manoma bayani. Ni mutum ne mai son kowane abu ya zauna wurinsa, kuma haka nake gina jawabi: in kawo dalili, in kawo dalilin dalili, sannan in zo kan magana. Kafin in zo, rabin jama'a sun tafi duba awaki.

Wata safiya shugaban ofishinmu ya kira ni. Ya ce, "Malam, bayaninka daidai yake, sai dai ba mai ɗauka. Za ni bi ka fita ta gaba. In ba a gane ba, ka koma sito."

Ba na son sito. Warin taki tsaye yake yi mani a ƙirji.

Muka hau babur zuwa wani ƙauye bisa hanyar Sabon Birni. Bayanin adana wake za ni yi, ba tare da zuba magani ba: buhu ne mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace dabam. Aka taru ƙofar mai gari. A garin nan baƙo ba ya ɗaga murya gaban mai gari. A hankali za ka faɗi, sanƙira ya ɗauka ya kai wa jama'a. Nasu wani gajeren tsoho ne, muryarsa ta fi shi girma.

Na gyara tsayuwa, na fara daga asalin ƙwaron wake, na bi ta illar magani, ban tsaya ba sai da numfashina ya ƙare. Sanƙira ya dube ni, ya dubi jama'a.

"Malamin gona ya ce yana gaishe ku!"

Aka amsa. Na sake jawo wata doguwar, ya saurara har ƙarshe.

"Ya ce yana tafe, bai dai iso ba tukuna!"

Wuri ya ɗauki dariya, har mai gari ya rufe baki da hannun riga. Ban dubi shugabana ba. Na matsa kusa da tsohon, na ce, "Baba, ba haka na ce ba."

Ya ce, "Ɗana, ka aza mani dami bisa dami, ka ce in yi gudu? Zangarniya-zangarniya za ka miƙo."

Raina ya ɓaci, amma tsari ne ya ba ni, ni kuwa ba na faɗa da tsari. Na ce, "Ƙwaron wake yana numfashi."

Ya kwarara ta yadda na faɗa. Wani dattijo ya ce, "Ashe! Da wane hanci?"

Na ce, "In ka hana shi iska, ya mutu."

Ita ma ta isa lafiya. A ɗan lokacin da yake maimaitawa ba ni da aikin yi, sai na dubi fuskoki, abin da ban taɓa yi ba. Na ga wani ya yamutsa goshi, na gane ledar ce bai fahimta ba. Sai na ɗauko buhun. Na matse iska, na murɗe bakin ledar ciki, na ɗaure. Ta biyu ma haka, sannan buhun waje. Kowane mataki magana ɗaya. Sanƙira yana ƙara nasa gishirin: "A ɗaure kamar akuyar aro!"

Mai gari ya sa wani manomi ya gwada. Ya haɗa ledojin biyu zai ɗaure tare, sai dattijon nan mai tambayar hanci ya daka masa tsawa: "Kai! Dabam-dabam aka ce, ko so kake ya sha iska?"

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka hango kasuwar Isa shugabana ya taɓa kafaɗata.

"Makullin sito yana wurinka?"

Na ɗauka can zai mai da ni. Na ce, "Yana aljihu, ranka ya daɗe."

"To gobe ka kawo shi, za ni ba wani, kai ka ci gaba da fita ƙauye."