Ampul Ɗaya Tak

Ku da kuke koyarwa da ordinata, wato kwamfuta, a yau, akwai ranar da ta ƙi fita raina: ranar da na kunna majigi ba izini.

Zamanin soja ne, shekarar da fari ya koro mutanen karkara zuwa Yamai. Ni ke kula da na'urori a sashen labarin ƙasa na jami'a. An ba mu kyautar majigi mai haska foto a bango, amma ampul ɗinsa, wato ƙwan fitilarsa, ɗaya tak, babu na canji. Sai darakta ya kafa doka: a lulluɓe shi a kulle, ba a kunnawa sai manyan baƙi sun zo. Wato ɗalibai su ji da kunne, masu kaki su gani da ido. Abin yana ci mini rai.

Mushe Isufu, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ɗan Tawa, ya dawo daga arewa da fotunan rijiyoyin da suka ƙafe. Sau uku yana rubuta takardar neman izini, ko amsa babu.

Ya ce mini, "Malam Sani, yaran nan ne za su haƙa rijiyoyin gobe. Da alli zan zana musu fari?"

Mabuɗi na aljihuna. Na san abin zai iya cin aikina, ga iyali a Zango. Na ɗauko majigin.

A foto na huɗu wata ɗaliba, Hadiza, ta miƙe tsaye. "Mushe, rijiyar garinmu ce! Tsofaffi sun ce kada a haƙa a nan, ba a saurare su ba." Ajin da ya saba kwafar allo shiru ya kaure da gardama kan ƙasa da ruwa. Muna foton ƙarshe ampul ya yi ƙyas, ya mutu.

Bayan sati wani kaftin ya kawo ziyara. Darakta ya yaye lulluɓi da alfahari, ya danna. Bango fari fat.

Darakta ya juyo kaina. "Wa ya taɓa shi?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. A aji ya mutu, yana aikin da aka kawo shi yi."

Aka mai da ni ɗakin ajiyar kujeru, shekara biyu ina gyaran ƙafafun benci.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu, mai lulluɓe na'ura ya fi mai ƙona ta ɓarna. Da sun ba ni ampul na biyu, wallahi a aji zan sake ƙona shi.