Garin Fura da Taurarin Iya

Iya, kakata ta wajen uba, fura take sayarwa a Sandamu, kuma tatsuniyarta ba ta fitowa sai tukunyar dawo na kan wuta. Da an idar da magariba sai mu jikoki mu kewaye murhu, ita tana cura dawo tana jerawa a faifai, mu kuwa muna addu'ar ɗaya ya fashe a miƙo mana. Mace ce mai tsiya, Allah ya jiƙanta. Ni “ƙawata” take ce mini, kuma kullum sai ta tuna mini cewa da tana kamar ni ta fi ni kyau nesa ba kusa ba. Ina sonta ƙwarai, har yau in na ji ƙamshin citta da kanumfari sai kewarta ta kama ni.

A farkon shekarun Shari'a, ina aji huɗu, Baba ya kai ni Daura gidan ƙaninsa, Baffa Sule, don a ganinsa makarantar birni ta fi tamu. Ba wanda ya cuce ni a gidan nan, kada in ɗauki alhakin kowa. Gida ne dai cike maƙil. Mu tara muke kwana ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, kuma da na buɗe littafi sai an kira ni aike ko wani yaro ya yage mini shafi. Ni da nake zuwa ta biyu a Sandamu, sai ga ni na dawo dogon hutu ina kusa da ta ƙarshe. Baba ya karanta takardar sakamako, ya ce wasa na sa a gaba. Ya yanke cewa zan koma, a tsananta mini, in kuwa na sake kawo irin wannan to ni da boko mun yi sallama. Ni ma har na fara yarda kaina ne ya toshe.

Iya ta ji komai, amma Baba ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta sa baki a hukuncinsa. In tana son a kira shi, sai ta ce, “Ku ce wa mutumin zaure.”

Ana saura kwana biyu in koma, aka yi ruwa da la'asar, sama ta wanke tas, taurari suka fito kamar an watsa gero. Baba yana zaune kan turmi can gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga wata nan tafe, mai kunne ya buɗe.”

Muka ce ta ƙaraso.

Wai can sama akwai wasu 'yan'uwa mata biyu, Ta-Gefe da Ta-Tsakiya. Kowacce aka ba ta ƙwarya cike da farin gari mai sanyi, wanda in an cura shi ya dunƙule sai ya kama haske ya zama tauraro. Ta-Gefe ta zauna bakin sama inda ba kowa sai maƙwabciya ɗaya. Garinta ya kwanta lafiya, tana cura tana jerawa. Wani lokaci maƙwabciyar ta gifta ta ɗan buge ta, sai garin ya ƙara haɗuwa, taurari su fito fiye da na jiya.

Yayana Habu, da ya fara jin kansa malami a Islamiyya, ya ce ai Allah ne ya halicci taurari.

“Wa ya ce ba Shi ba ne, Malam Ƙarami?” in ji Iya. “Garin ma Shi ya ba su. Matsa ka tura mini itacen nan.”

Ta-Tsakiya kuwa ta ce ita sai kasuwar sama, inda manya suke taruwa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga. Can iska zafi gare ta, kowa gudu yake yi. Wannan ya wuce, gari ya tashi. Wancan ya wuce, gari ya tashi. Ba mai mugun nufi a cikinsu, hanyarsa kowa yake bi. Kafin ta ankara ƙwarya ta koma wayam, ba ta da komai sai tsofaffin taurarin da ta zo da su, sun yi jajawur don tsufa. Mutanen sama suka yi ta cewa raguwa ce, hannunta ya mutu.

Nan Iya ta dakata, ta barbaɗa gari a kan dawo, idonta na kan faifai.

“Ni dai da nake sana'ar nan tun kafin a haifi wasu, ban taɓa ganin an cura fura a tsakiyar guguwa ba. Hannun yarinyar nan lafiyarsa lau. Wurin zama ne ba ta samu ba. To, ƙaryata ta ƙare, kowa ya kama gabansa.”

Mu yara muka yi ta ƙorafi, wannan wace irin tatsuniya ce ba Gizo ba ƙarshe? Baba ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ranar tafiya na ɗaure kayana ina kuka. Ya shigo ya dubi ƙunshin, ya ce, “Binta, kwance. Gobe ki bi Habu makarantarku ta da.”

Shekaru sun ja kafin in kai kwalejin horon malamai. Can na karanta cewa taurari a gungu-gungu suke, kowane gungu da nisan da hankali ba ya kamawa, kuma daga iskar gas mai sanyi ake samun sababbi idan ta dunƙule. Gungun da yake inda ba cunkoso yakan riƙe iskarsa ya ci gaba da haihuwa. Wanda ya faɗa cikin cincirindon 'yan'uwansa kuwa, zazzafar iskar wurin takan kwashe masa tasa, ya zauna da tsofaffin taurari jajaye. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin karatu har aka juyo ana kallona. Iya ba ta san ko bihim a boko ba. Gari ta sani, da iska, da jikarta.

Yanzu ni ke koyar da kimiyya, ajina kuma cike yake kamar gidan Baffa. Sau da yawa alƙalamina yakan kai bakin rubuta “ba ta ƙoƙari” a takardar wata yarinya, sai in ajiye shi in kira ta, in tambaye ta su nawa ne a ɗakinsu, kuma wa ke riƙe da fitila. Ba kullum nake iya yin wani abu a kai ba, wannan yana damuna.

Bayan rasuwar Iya na tambayi Baba ko yana tuna tatsuniyar nan. Ya share ido da bakin rigarsa.

“Ina zan manta?” ya ce. “Tun da ta haife ni ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Kuma saboda ke ta yi.”