Ragin da Aka Yi wa Ƙanwata

Rana ɗaya muka ci bashin ni da ƙanwata, a gaban mutum ɗaya. 'Yar ƙanen babana ce, na girme ta da shekara shida, kuma a ɗakina ta fara zama da ta baro ƙauye ta zo Kaduna. Ni ce ma na kai ta wurin, wani ƙaramin kamfanin ba da rance a saman bene a Unguwar Sarki. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Unguwar Rimi, an ce sai an yi wa mahaifiyata aikin ido, ga kuɗin haya ya zo. Ita kuma firiza take so ta saya, ta riƙa yin zoɓo da kunun aya. Kowaccenmu ta karɓi dubu ɗari huɗu, za a riƙa biyan dubu talatin da biyar duk wata har wata goma sha takwas. Sai da na koma gida na zauna da biro na ga abin da na sa wa hannu: dubu ɗari shida da talatin.

Ban taɓa fashi ba. Albashi na shiga, kafin in sayi ko gishiri na tura musu nasu. Na daina hawa keke napep daga Unguwar Shanu zuwa makaranta, sai in yi sammako in taka rabin hanya. Nama ya koma na ranar Lahadi kaɗai. Da zumuntar matan cocinmu ta fitar da sabon anko, na ce musu kalar ba ta karɓe ni ba.

Ƙanwata ta biya wata huɗu, sai ta tsaya. Wuta ta yi wahala a layinsu, kunun yana lalacewa, mijinta kuma aka sallame shi daga aiki. Suka yi ta kiranta har ta kashe waya, suka je shagonta sau biyu. Na riƙa yi mata faɗa irin na yaya, ina cewa ta lallaɓa ko rabi ne ta riƙa kaiwa. Na ji tausayinta, amma ba zan ɓoye ba, na kuma ji daɗin kaina. Ni ce mai tsari, ita ce abin misali.

Wata bakwai ana cikin haka. Ran nan an tashi daga coci ta riƙo hannuna a bakin ƙofa, fuskarta fes.

"Yaya, na rabu da mutanen nan."

"Waɗanne mutane?"

"Masu bashi mana. Na je na zauna da manajansu. Na ce masa ba ni da shi, ko kotu ya kai ni firiza ɗaya zai samu. Muka yi ta ja, kwana uku ina zuwa. Daga ƙarshe ya ce in kawo dubu ɗari biyu a dunƙule, a yafe sauran. Na kwashi adashi na haɗa na kai."

Na ce, "Kai, mun gode Allah," na rungume ta. Amma ina rungume da ita kaina yana lissafi. Duka-duka dubu ɗari uku da arba'in ta biya, ko uwar kuɗin ba ta cika ba. Ni a lokacin na riga na wuce haka, kuma saura wata bakwai a gabana. Ban iya cin abincin rana ba.

Ran Litinin na nemi izini a makaranta na hau benen nan. Manajan ya tarbe ni da fara'a, har ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce ni ma ragi na zo nema.

Ya duba takarduna ya ce, "Madam, ke ai ba ki da matsala. Ko kwana ɗaya ba ki taɓa makara ba."

"To shi ya sa na ga na fi cancanta."

"Ba haka abin yake ba. Ragi na wanda muka fid da rai da kuɗinsa ne. Gara mu karɓi wani abu da mu tashi a banza."

"Wato da na ƙi biya da kun rage mini?"

Ya yi murmushi. "Ni ban faɗa ba. Amma wanda aka yi wa ragi sunansa na shiga takarda, zai daɗe bai sami mai ba shi rance ba. Ke kuwa sunanki tas."

Na sauko da sunana tas, na taka har gida.

Ƙarshen watan na riƙe kuɗin kwana uku ban tura ba. Maigidana ya ce in yi abin da zan iya kwana da shi. Matsalar ita ce shugabar makarantarmu ce ta tsaya mini da zan karɓi bashin. Na riƙa hango masu bashi a ofishinta, yara na leƙe ta taga. Rana ta huɗu na tura, har da tarar makara.

Daga nan abin ya zauna mini a ƙirji. In na ga ƙanwata da sabon ɗankwali sai in ƙiyasta kuɗinsa. Wuta ta gyaru a layinsu, ciniki ya dawo, mijinta ya sami gadi a wani gida. Duk lokacin da ta aiko mana da zoɓo sai in ba yara, ni ba na sha. Da bikin godiya na kaka ya zo a coci, aka sa ni cikin masu shirya abin sha. Wata ta kawo sunan ƙanwata a ba ta aikin, ni kuma na ce kwanan nan kununta yana saurin tsami. Aka ba wata daban. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce tun tana bakina.

Maganar ta koma mata. Ta zo gida da yamma ina tsince shinkafa, ta ƙi zama.

"Yaya, me na yi miki?"

Na yi niyyar kewaye-kewaye, sai kawai na ji na ce, "Bashi ɗaya muka ci. Ke kin ƙi biya an yafe miki, ni ina biya ana tatsa ta."

Ta ce, "Kin san abin da na gani? Na durƙusa a gaban mutumin nan ina kuka, ma'aikatansa suna ji. Zannuwan aurena biyar na sayar na cika kuɗin. Dattijon da ya tsaya mini har yau in na gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Kina so mu yi musanya?"

Na ba ta haƙuri, kuma da gaske nake. Washegari na je na gaya wa matan cewa ban yi mata adalci ba. Amma ko tana maganar zannuwan, wani gefe na zuciyata cewa yake: zani biyar ai bai kai dubu ɗari biyu da casa'in ba.

Na gama biya a kan lokaci. Suka ba ni takardar shaida, suka ce yanzu ina iya karɓar ninki biyu in ina so. Na ce na gode.

Bayan wata biyu ƙanwata ta sake zuwa. Janareto take so, ta zaga wurare uku duk sun hana ta rance. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, ko za ki karɓar mini da sunanki? Wallahi wannan karon ba zan yi fashi ba."

Na ce mata a'a, na rantse ba zan ƙara hawa benen nan ba. Duk wanda na gaya wa ya ce na yi daidai, har maigidana. Ta tashi ba ta yi fushi ba, ta ce ta gane. Na raka ta bakin titi na biya mata kuɗin keke. A hanyar dawowa na ji kafaɗuna sun yi sauƙi, na kuma san ba hankali kaɗai ne ya sa na ba ta wannan amsar ba. Har yau muna zumunci, amma ban taɓa gaya mata wannan ɓangaren ba.