Wadda Ba Ta Ji Amin Ba

Tana zaune a bencin gaba na coci, idanunta kafe a bakin fasto. Kurma ce, a leɓɓansa take karanta wa'azi.

Mai zaunar da mutane ya zo ta bayanta. "Mama, nan wurin dattawan ikilisiya ne." Ba ta juyo ba, sai ya ɗauki jakarta. Ta bi jakar har bencin ƙarshe, kusa da ni, bayan ginshiƙi.

Za ta kai shekara sittin. Hannuwanta duk sun tsattsage, irin na mai wankau, amma ɗankwalinta ya sha guga. Ina jin sammako ta yi don ta samu wancan bencin.

Yanzu sai leƙe take yi, ba abin da take gani sai ƙeyar mutane. Ta ga an miƙe an rufe ido, ita ma ta miƙe ta rufe. Aka ce Amin, kowa ya zauna. Ita tana nan tsaye ita kaɗai, leɓɓanta na motsi.

Wata a gabanmu ta waiwayo ta ce, "Wayyo, baiwar Allah," ta mayar da kai gaba.

Taɓa ta kawai za a yi. Ni da na fi kowa kusa, hannuna na kan gwiwata.